Waiwaye: Bola Ige, ministan shari'ar da har yau ba a hukunta makasansa ba

A daren 23 ga Disamban 2001 'yan bindiga suka kutsa gidan Cif Bola Ige da ke unguwar Bodija a Ibadan, suka harbe shi a ɗakinsa. Shi ne Antoni Janar kuma ministan shari'a na Najeriya a lokacin. Masu tsaronsa kuwa sun fita cin abinci.

Ɗan asalin Esa-Oke ne da ke jihar Osun ta yanzu, haihuwar 1930, amma a Kaduna ya yi ƙuruciya, shi ya sa Hausa ta zauna daram a bakinsa. Ya zama lauya a Landan a 1961, ya dawo gida ya bi Awolowo cikin jam'iyyar Action Group. Mutum ne mai kaifin harshe, ba ya tauna magana, abin da ya tara masa masoya da maƙiya. Daga 1979 zuwa 1983 ya yi gwamnan tsohuwar jihar Oyo a jam'iyyar UPN, ya aiwatar da ilimi kyauta. Sojoji na karɓar mulki suka tsare shi.

A 1999, duk da cewa shi jigo ne a jam'iyyar adawa ta AD, Obasanjo ya ba shi ma'aikatar lantarki da ƙarafa. Ya yi alƙawarin gyara hukumar wutar lantarki ta NEPA cikin 'yan watanni, abin ya gagara. A 2000 aka mayar da shi ma'aikatar shari'a, kuma nan ne fagensa. Shi ya kai jihohi 36 Kotun Ƙoli kan batun man da ake haƙowa a cikin teku, shari'ar da aka yanke a Afrilun 2002, bayan ransa.

Abin da ya fi ciwo shi ne an ga alamu. Rikicin siyasar Osun ya riga ya yi tsami, kuma kwanaki kaɗan kafin kisan wasu matasa suka yi masa ature a fadar Ooni, sarkin Ife, har suka fizge masa hula a bainar jama'a. Ministan shari'a fa!

An kama mutane, ciki har da Iyiola Omisore, tsohon mataimakin gwamnan Osun, wanda ya ci zaɓen sanata a 2003 yana tsare. Kotu ta sallame shi a 2004, sauran ma aka sake su. Matar marigayin, Atinuke, alƙaliya a Kotun Ɗaukaka Ƙara, ta rasu a Afrilun 2003 ana tsakiyar shari'ar. Gwamnatoci sun zo sun wuce, har yanzu babu wanda kotu ta samu da laifin kisan.