Rage ƙara a kan motar akori-kura da kuɗi kaɗan

Rage ƙara a kan mota aiki ne da ake yi ma ƙarfen gidan gaba, wato inda direba ke zama, dan a kashe rawar da ƙarfen ke yi kuma a tare hayaniyar inji da taya da iska. A ƙananan motoci kamfani ya riga ya yi wannan aikin tun daga masana'anta, amma motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya da muke ce ma akori-kura an ƙera ta ne dan aiki, shi ya sa abin da ke tsakanin direba da titi sau da yawa ƙarfe ne da ledar roba kawai. Haka Peugeot 404 da 504 suke, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan kamfanin PAN, wato Peugeot na Najeriya, ya fara aiki a 1975, haka ma tsofaffin Toyota Hilux masu kujera ɗaya, motar da aka fara fitarwa a Japan a 1968. Duk wanda ya taɓa bin irinsu daga Katsina zuwa Daura ko kasuwar Mai'adua ya san yanda mutum ke sauka kunnenshi na ƙugi, ga ciwon kai, kuma tun a hanya sai an ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka.

Daga ina ƙarar take zuwa

Hanya biyu take bi. Akwai wadda ke bin ƙarfe, inji na girgiza, taya na dukan kwalta, girgizar ta bi shasi ta hau bodi, sai faffaɗan ƙarfe mara lanƙwasa ya kama rawa kamar fatar ganga. A akori-kura manyan masu laifi su ne bangon da ke bayan kujera, rufi, ƙofofi da kuma ƙasa. Ta biyu ita ce wadda ke bin iska, ta shigo ta duk hujin da ta samu, inda wayoyi suka ratsa daga wajen inji, gindin giya da robarshi ta yage, robar ƙofa da rana ta busar. Motar gas ta fi ta fetur wannan matsalar saboda yanayin bugun injinta.

Ana auna ƙara da desibel, kuma lissafinshi ba irin na awon hatsi ba ne, in aka rage desibel 10 kunne ji yake kamar an raba ƙarar biyu, desibel 3 kuwa da ƙyar ake lura. Masana lafiyar ma'aikata sun sa 85 a matsayin iyakar da zama cikinta awa 8 kullum ke fara lalata ji, to kaga direban da ke wuni a hanya abin ya shafe shi kai tsaye. Akwai manhajar waya da ke aunawa, ba ta kai na'urar gaske ba amma ta isa ka gwada kafin aiki da bayan aiki, a titi ɗaya da gudu ɗaya.

Abin da ake farawa da shi

A ganina nan ne mafi yawan mutane ke kuskure, sai su ruga sayen kayan liƙawa alhali motar na da salansa mai huji da robar zaman inji da ta mutu. Ba abin da za ka liƙa ya rufe wannan. A fara kai ta wajen bakanike ya duba salansa, robobin zaman inji da na bodi, a ɗaure duk notin da ya saki, a cire sifana da jak da ke yawo bayan kujera a naɗe su cikin tsumma. Sannan a bi hujoji. Da daddare ka sa yaro ya haska tocila daga wajen inji kai kana kwance ƙarƙashin sitiyari, duk inda haske ya ɓullo to ƙara na shigowa ta nan, ƙura ma haka lokacin hunturu, har da hayaƙi wanda shi kashe mutum yake. Guntun tsohon tiyub da gam irin na masu gyaran takalmi sun isa toshe yawancinsu. Robar ƙofa kuma gwajinta sauƙi, a rufe ƙofa kan takarda a ja, in ta zare ba gardama robar ta gama aiki. Wannan matakin kusan kyauta ne kuma sau da yawa shi ke kawo canjin da ya fi girma.

Kayan liƙawa da zafin Katsina

Abin da ake kashe rawar ƙarfe da shi wata tabarma ce mai danƙo, kaurinta kamar milimita 2, ƙasanta robar butil samanta siririn alminiyom. Dynamat ne sunan da ya fi shahara amma akwai masu arha da yawa. Yanda take aiki, in ƙarfe ya motsa robar sai ta murɗe tsakanin ƙarfen da alminiyom, girgizar ta koma ɗan zafi ta mutu. Ba sai an rufe ko'ina ba, kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na tsakiyar kowane faffaɗan wuri ya wadatar, kuma anan ne kuɗi ke raguwa sosai. Ƙwanƙwasa ƙarfen da ɗan yatsa, inda ya yi kuwwa kamar garwa nan za a liƙa, inda ya yi gum a wuce shi.

Sai maganar fulash-ban, wannan tef ɗin da masu rufin kwano ke toshe yoyo da shi. Ido ba ya bambanta shi da na butil kuma ya fi arha nesa, shi ya sa ake ta ba da shawararshi, amma yawancinshi kwalta ce a ciki. Mu nan watan Afrilu da Mayu zafi na kai 40 har ya wuce a inuwa, ƙarfen motar da ta wuni a rana kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Na ga wata Hilux da aka liƙa ma shi a rufi, kafin damina ta faɗi ya saki ya zazzago, baƙin danƙo ya ɓullo ta silin, ga wari da ke sa juwa duk lokacin da aka buɗe ƙofa da azahar, sai da aka kwana biyu ana kankara. Abin da ke zama lafiya a ƙasashe masu sanyi, a Katsina ko Daura ba ya zama. In dole sai shi to a tsaya a ƙasa nesa da inda salansa ta bi, rufi da ƙofa kam a haƙura sai an samu butil.

Wajen liƙawa a cire kujera da leda, a wanke ƙarfen, a goge da sipirit har sai tsumma ya daina baƙi, in akwai tsatsa a kankare a shafa fenti ya bushe tukuna. A yanka tabarmar guntu-guntu kamar faɗin littafin makaranta, a danne da kwalbar lemo ana murzawa daga tsakiya zuwa baki har iska ta fita duka, dan inda iska ta maƙale ruwa zai taru ya ci ƙarfen. Gefen alminiyom ɗin na yanka hannu kamar reza, a sa safar hannu.

Shimfiɗa ta biyu

Butil rawa kawai yake kashewa, ba ya tare ƙarar da ke ratsowa. Tare ƙara aikin abu mai nauyi ne, a ƙa'ida duk ninka nauyin shinge sau biyu na rage kusan desibel 6. Dan haka ana shimfiɗa soso mai rufaffen ido, irin wanda ba ya shan ruwa, sai a ɗora roba mai nauyi a kai, kuma ita wannan shimfiɗar so ake ta rufe ƙasa da bangon baya gaba ɗaya ba giɓi. Masu kushin mota na da ragowar irin waɗannan kayan kuma sun iya yanka su daidai. Soson katifa da tsohon bargo suna shanye ƙara amma suna shan ruwa, a bayan kujera ko cikin silin ba laifi, a ƙasa ko cikin ƙofa kuwa ruɓar da mota suke.

A ƙasan kowace ƙofa akwai ƙananan hujoji da ruwan da ya bi gilas ke fita, waɗannan ba a toshe su, kuma kar a liƙa komi a hanyar da gilas ke hawa da sauka. Shimfiɗar ƙasa kar ta kai inda za ta tokare birki ko kuloci ko totur, a taka kowanne har ƙasa a gani kafin a maida kujera. Sabbin motoci masu jakar iska, wadda ke kumbura ta kare mutum lokacin haɗari, suna da wayoyi masu launin ɗorawa ƙarƙashin kujera, a cire kan batir a ɗan jira kafin a taɓa su. Taya mai manyan haƙora irin ta shiga daji kuwa kukanta a kan kwalta na nan ko mi aka shimfiɗa, mai yawan bin titin Kano ko Jibiya gara ya sa mai ƙananan zane.