Jenny Saville

Jenny Saville mai zane ce ƴar Birtaniya. An haife ta a Kembirij, Ingila, ranar 7 ga Mayu 1970, ta yi karatu a Makarantar Zane ta Gilasgo daga 1988 zuwa 1992. Ta yi suna ne da manyan zane-zanen jikin mace da fentin mai, yawanci mata masu ƙiba babu tufafi, waɗanda mujallun kwalliya da tallace-tallace ba sa nunawa. Attajirin nan mai tara zane, Charles Saatchi, ya sayi ayyukanta tun tana kammala karatu, ya kuma baje su a Landan a 1994.

Abin da ya fi damun ta shi ne awon da ake yi wa mace: nauyinta, faɗin ƙugunta, santsin fatarta. A zanen Branded na 1992, wata mata ta damƙi naman cikinta da hannu, an kuma karce kalmomi a fatarta masu nufin "mai laushi", "ƴar ƙarama", "abin ado", wato siffofin da ake so a ga mace da su, ko da jikinta bai yi kama da haka ba. A Plan na 1993 kuwa, layuka ne suka kewaye ciki da cinyoyi, irin waɗanda likita ke shatawa kafin ya zuƙe kitse. A 1994 ta je birnin Niyok ta riƙa kallon yadda wani likitan gyaran jiki ke tiyata, ta ga tsoka da kitse da jini ido da ido.

Aikinta da aka fi sani shi ne Propped, shi ma na 1992. Tsawonsa ya haura mita 2. Mace ce zaune a kan wata siririyar kujera, yatsunta sun nutse cikin cinyoyinta. An zana ta kamar ana kallonta daga ƙasa, saboda haka gwiwoyi suka yi girma ƙwarai, kan kuma ya ƙanƙance can sama, har gefen allon ya ɗan datse shi. Mai kallo dole ya ɗaga kai. A kan zanen ta karce maganar masaniyar falsafa Luce Irigaray, amma a juye, ba ta karantuwa sai a madubi. Lokacin da aka fara baje shi, an kafa madubi a gabansa, don duk wanda zai karanta sai ya ga kansa tare da matar. Wannan dabara ce mai nauyi, domin ta mayar da tambayar kan mai kallo. A Oktoban 2018 aka sayar da shi a gwanjon Sotheby's na Landan kan fam miliyan 9.5, kuɗi mafi yawa da aka taɓa biya a gwanjo kan aikin mace mai zane da ke raye a lokacin.

Ta fi aiki da hotuna, sau da yawa na jikinta. Ba ta shafa wa fata launi guda. Ja da shuɗi da ruwan goro da fari take jerawa da faffaɗan buroshi, har fatar ta yi kamar wadda ta kumbura. Aikin yana da wuya. Idan aka cika cakuɗa launuka a kan allo tun suna jiƙe, sai su rine su koma toka-toka, naman ya mutu. Karce rubutu kuma sai fenti bai bushe ba, in ya bushe ɓarewa yake yi.

An zaɓe ta cikin Royal Academy, ƙungiyar fitattun masu zane ta Birtaniya, a 2007. Bayan ta haihu, ta yi jerin zane-zanen uwa da jariri da gawayi, inda take barin layukan farko ba ta goge ba, hannu da ƙafar yaron su fito a wurare da yawa saboda mutsu-mutsunsa. A 2025 gidan National Portrait Gallery na Landan ya baje kolin ayyukanta tun daga na farko.