Cire rediyon da mota ta zo da shi a sa na kasuwa: tambayoyi da amsoshi

Yawancin motocin da ke hannunmu tokumbo ne, wasu sun haura shekara 15 wasu ma 20, rediyon cikinsu ko na kaset ko na sidi, babu bulutut babu wajen sa filas, shi ya sa da mutum ya sayi mota abu na farko da yake fara tunani shi ne ya canza shi. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan aiki.

Dole ne sai na cire na kamfanin?

A'a. In dai buƙatarka kawai ka ji karatu ko wa'azi ko waƙa daga wayarka, akwai ɗan ƙaramin abin nan da ake sokawa a wajen kunna sigari, ya haɗu da waya ta bulutut ya tura sautin zuwa wata tashar FM da babu kowa a kanta. Sautin bai kai na waya kai tsaye ba kuma a cikin gari yakan yi shuu, amma yana biyan buƙata. In kana son taswira a gabanka, da kamarar ribas, da amsa kira ba tare da ka ɗauki waya ba, toh nan kam sai canji.

Kowane rediyo zai shiga kowace mota?

Akwai ma'auni da ake kira DIN, asalinsa daga Jamus ne. Mai DIN ɗaya faɗinsa milimita 180 tsayinsa 50, shi ne siririn nan irin na Golf 3. Mai DIN biyu faɗin ɗaya ne amma tsayinsa 100, shi ne girman yawancin masu sukurin. Ramin Toyota da yawa kuma faɗinsa ya kai 200, don haka in ka sa na kasuwa za ka ga ɗan fili hagu da dama, akwai robobi biyu da ake sayarwa don cike wajen. Motocin da dashbod ɗinsu yake da lanƙwasa, kamar Camry ta 2007 zuwa 2011, sai an nemo firem, wato robar da ke zagaye rediyon, da aka yi domin wannan motar da wannan shekarar, dan haka kafin ka je kasuwar kayan mota irin Ƙofar Ruwa ko Panteka ka ɗauki hoton dashbod ɗinka ka kuma tabbatar da shekarar motar, kar ka tafi da sunan da 'yan kasuwa suke kiranta kawai.

Tawa Honda Accord ce wadda ake kira EOD, an ce in na cire rediyon AC zai daina aiki, gaskiya ne?

Gaskiya ne. A Accord ta 2003 zuwa 2007 rediyo da madannan AC a jiki ɗaya suke, allon lantarkinsu a haɗe yake, in ka zare rediyon ka zare abin da ke ba AC umarni kenan. Hanya biyu ce. Ko ka bar na kamfanin a inda yake yana riƙe da AC, a sa sabon a aljihun da ke ƙasansa, ko ka sayi firem na musamman wanda ya zo da nasa madannan AC, kuma shi ma sai ka duba ko motarka mai AC ɗin hagu da dama daban-daban ce ko mai guda ɗaya don ba iri ɗaya ba ne. Ni dai a wannan motar na fi son hanyar farko, ba ta da kyan gani kamar babban sukurin amma AC ɗinka na nan yadda kamfani ya yi shi, kuma duk wanda ya san zafin watan Afrilu ba zai so a yi masa gwaji da AC ba.

Mai wayarin ya ce zai yanke soket ɗin motar ya haɗa waya da waya, in bar shi?

Dan Allah kar ka bari. Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran muhimmanci, kuma a nan ne ake ɓata motoci da yawa. Akwai soket na haɗi da ake sayarwa, gefe ɗaya yana shiga soket ɗin motarka daidai, ɗaya gefen kuma wayoyi ne da ake haɗawa da na sabon rediyon, duk aikin a kan tebur za a gama shi sai a zo a soka kawai. Kuɗinsa kaɗan ne in ka kwatanta da kuɗin rediyon. Amma da zarar an sa almakashi an yanke na kamfani shikenan, ranar da sabon ya lalace ko ka tashi sayar da motar kana son mayar da na asali, sai an zauna ana laluben wace waya ce ta ina, saboda launin wayoyin mota ba ɗaya ba ne da na rediyon kasuwa, kowane kamfanin mota da nasa tsarin.

Na rediyon kasuwa dai kusan duk tsari ɗaya suke bi, kuma yana da kyau ka sani ko ba kai za ka yi aikin ba. Rawaya ita ce wutar batir ta dindindin wadda ke riƙe agogo da tashoshin da ka ajiye. Ja tana samun wuta ne sai an murɗa makulli. Baƙa ta jikin ƙarfen mota ce. Shuɗiya ta eriya, shuɗiya mai ratsin fari ita ke tayar da amfilifaya, ruwan lemo kuma ta hasken dare ce. Sai na sifika guda takwas, bibbiyu: farare gaban hagu, masu ruwan toka gaban dama, koraye bayan hagu, masu launin shunayya bayan dama, kuma a kowane biyun mai ratsin baƙi ita ce nagetif. In aka juya na sifika ɗaya zai yi magana amma za ka ji duka ya ragu sautin ya zama fayau.

Sannan yadda ake haɗin ma abin dubawa ne. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif ba aiki ba ne, motar da ke yini a rana gam ɗin salatif narkewa yake, ga gargada ga ramuka, wata rana rawayar nan mai wuta kullum ta zame ta taɓa ƙarfe, in an yi sa'a fiyus ne kawai zai ƙone. A yi dalma a rufe da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi, ko a matse da 'yan ƙarafan haɗi. Kuma in fiyus ya ƙone a sa mai lamba irin tasa, kar a ɗaura waya a madadinsa.

Tunda aka sa min sabo batir yake mutuwa da safe, wani kuma nasa kullum sai ya manta tashoshi. Me ya jawo?

Duka biyun ja da rawaya ne. In aka haɗe su wuri ɗaya a kan wutar dindindin rediyon ba ya mutuwa gaba ɗaya ko ka zare makulli, musamman masu Android, sai ya kwana yana zuƙar batir. In kuma aka juya su, rawaya ta koma wajen makulli, toh duk sanda ka kashe mota agogo da tashoshi sun goge. Wannan na biyun ya fi faruwa a Volkswagen da Opel da Audi domin a soket ɗinsu wuraren wayoyin biyu a juye suke, shi ya sa soket na haɗi da yawa suke zuwa da ja da rawaya masu cirewa a musanya. Gyaran minti biyar ne.

Madannan jikin sitiyari fa, za su ci gaba da aiki?

Ba da kansu ba. A tsofaffin Toyota da Honda waya ɗaya ko biyu ce ake haɗawa sai a shiga saitin a koya wa rediyon kowane madanni. A motocin da suka fi sabunta kuma saƙonnin suna bi ta layin kwamfutar mota da ake kira CAN, har ma wasu ba su da jar wayar makulli sam, sai an sa ɗan akwatin da ke fassara saƙon. Haka in ka ga an rubuta JBL a jikin rediyo ko sifikar Camry ko Sienna ko Highlander ɗinka, akwai amfilifaya a ɓoye, in ba a sayi haɗin da ya dace da shi ba rediyon zai kama amma ba za ka ji komai ba.

Android mai babban sukurin ko irin su Pioneer da Kenwood da Sony?

Ya danganta da abin da ka fi damuwa da shi. Masu Android da ake kawowa daga China sun fi araha, sukurin inci 9 ko 10, suna zuwa da firem ɗin motarka, za ka sa manhaja yadda kake so. Matsalarsu ingancinsu hawa-hawa ne, mai ram (ƙwaƙwalwar aikin na'ura) giga 1 ko 2 yakan yi nauyi ya riƙa tsayawa, wasu kuma abin da aka rubuta a kwali ba shi ne a ciki ba, kuma kamun tasharsu sau da yawa bai kai na kamfani ba. Na manyan kamfanonin sun fi tsada kuma ba sa yin abubuwa da yawa haka, amma sautinsu ya fi tsabta, suna tashi da wuri, masu Apple CarPlay da Android Auto kuma wayarka ce ke yin aikin, sukurin ɗin nunawa kawai yake. Ga mai yawan tafiya da ya dogara da rediyo ni zan ce ya ɗauki na biyun, amma ya lura da jabu don su ma ana kwaikwayonsu.

An rubuta wat 50 sau 4, zai fi na da ƙara kenan?

Wannan lambar ƙololuwa ce ta ɗan lokaci, ainihin abin da yake bayarwa a kai a kai bai wuce wajen wat 20 ga kowace sifika ba. In sifikun ƙofa sun tsufa takardarsu ta yage, sabon rediyo ba zai gyara su ba.

Tashoshinmu za su kama?

Ka duba wannan kafin ka biya. Rediyon da aka yi wa kasuwar Japan FM ɗinsa daga 76 yake farawa, tsofaffin su tsaya a 90, kenan Freedom ta Kano da ke kan 99.5 ba za ta shigo ba. Na Amurka kuma a zangon AM goma-goma yake tsallakawa, mu kuma a nan tara-tara ne, dan haka Rediyon Tarayya Kaduna da ke kan 594 ba zai zauna daidai ba, sai dai 590 ko 600. Yawancin na kasuwa suna da wajen zaɓar yanki a saitin, a sa shi a Turai ko wanda ya yi daidai da namu. In kuma tashoshi duka sun yi rauni bayan canji, a duba shuɗiyar waya, motoci da yawa eriyarsu tana da ɗan amfilifaya da ke jiran wuta daga nan.

Zan iya yi da kaina?

In motar mai sauƙi ce kuma ka samu soket na haɗi, eh. Ka fara cire kan batir na nagetif. In Honda ce kuma za ka bar na kamfanin a ciki, ka nemi lambar sirrinsa mai lamba 5 tukuna don zai tambaye ka ita da zarar wuta ta dawo. Robobin dashbod da abin roba ake ɓamɓare su a hankali ba da sukundireba ba, tsohuwar roba da ta sha rana saurin karyewa take. Duk soket ko kunshin waya mai launin rawaya gaba ɗayansa da ka gani a can ciki na jakar iska ne, kar ka taɓa shi kar ka gwada shi da fitila. A wasu motocin fitilar jakar iskar fasinja a jikin robar da za ka cire take, in ka kunna mota ba ka mayar da soket ɗinta ba fitilar gargaɗi za ta iya kamawa har sai an goge da kwamfuta.

Masu sukurin suna da wata waya da ake haɗawa da burkin hannu don kada bidiyo ya yi aiki mota na tafiya, masu aiki da yawa sukan haɗa ta da ƙarfe kawai don ya riƙa yi kullum, ka ce a haɗa ta inda ya kamata. Kafin a mayar da robobi a ɗaure, ka gwada kowace sifika ɗaya bayan ɗaya, ka sa ribas ka ga kamara, ka kira wani ka ji ko yana jinka, ka kunna AC da fitilar gaba, sannan ka kashe mota ka zare makulli ka sake tayarwa ka ga ko tashoshin suna nan. Tsohon rediyon da sukurorinsa da ƙarafan gefensa kuma ka karɓi abinka ka ajiye a gida, ƙarafan ma sau da yawa su ake ɗaura wa sabon.