Koyar da tarihin ƙaura ta hanyar zane: tambayoyin da na gaji da amsawa

Ni fa ban iya zane ba. Zan iya koyar da wannan darasi?

Ƙwarai kuwa. Ba kai za ka zana ba, malam. Aikinka ka ajiye hoto a gaban yara, ka tambaye su me suka gani, sannan ka kama bakinka na minti biyu. Shirun nan ne yake gagarar yawancinmu.

Da wane hoto zan fara?

Idan ka rasa, ɗauki zanen Jacob Lawrence, mai zane ɗan Amurka. Yana ɗan shekara 23 ya kammala zane 60 a shekarar 1941, a kan baƙaƙen fatar Amurka da suka bar jihohin kudu suka nufi biranen arewa, ƙaurar da ta kwashe mutum kusan miliyan 6 tsakanin 1910 da 1970. Zane na farko cunkoson jama'a ne a tashar jirgin ƙasa, suna tururuwa ƙarƙashin alluna uku da aka rubuta Chicago, New York da St. Louis. Fuskokin ma ba a fitar da su sosai ba. Ka tambayi yaro dalili, za ka sha mamakin amsarsa. Na sani wannan ƙaura ce ta cikin ƙasa. Mai son ta ƙetare teku ya nemi hotunan da Lewis Hine ya ɗauka a tsibirin Ellis, inda sama da mutum miliyan 12 suka bi suka shiga Amurka daga 1892 zuwa 1954.

Wannan ba ɓata lokacin darasin tarihi ba ne?

Haba! Wa ya ce maka zane ba shaida ba ne? Duba wanda Ford Madox Brown ya gama a 1855, na miji da mata a cikin jirgin ruwa suna barin Ingila. Sun juya wa gaɓar ƙasarsu baya, lema a kansu, fuska a murtuke. Sai ka lura da kyau za ka ga ɗan mitsitsin hannun jariri ya leƙo daga cikin mayafin matar, tana riƙe da shi. Yaron da ya gano hannun nan da kansa ba zai ƙara ɗaukar 'yan ƙaura a matsayin lissafi kawai ba. Daga nan ka kawo taswira da shekaru, za su zauna masa.

A ajina akwai yarinya 'yar gudun hijira. In sa kowa ya zana tafiyar danginsa?

To, a nan ne nake rage gudu, don ba ni da amsa ɗaya da za ta dace da kowane aji. Sau da yawa wannan aiki yana yin kyau: yara su tambayi kakanni, su dawo da labarin da iyayensu ma ba su taɓa ji ba. Amma ga yaron da ya baro gida jiya-jiya, wataƙila da dare, wataƙila an rasa wani a hanya, abin da kake kira aikin gida fami ne a gare shi. Akwai kuma iyalin da takardun zamansu ba su kammala ba, ba sa son a san ta inda suka biyo. Akwai maraya, akwai ɗan riƙo da bai san asalinsa ba. Ba lallai ka san duk wannan ba, kuma ba hurumin malami ba ne ya tono.

Abin da nakan yi shi ne in ba da zaɓi ga kowa, ba ga ita kaɗai ba, don kada a gane saboda ita aka yi. Mai so ya zana danginsa, mai so ya zana tafiyar mutumin da ke cikin hoton da muka kalla, mai so ya zana akwati ya cika shi da abu biyar da matafiyi zai ɗauka. In da hali, a sanar da iyaye tun kafin ranar. In ta zaɓi ta ba da nata labarin, madalla, a saurara, kada a matsa da tambaya. In ta zana jirgin ruwa ta ƙi cewa komai, a bar ta. Kuma don Allah kada a manna zanenta a bango sai an nemi izininta. Ko da duk wannan, wata rana wani zai yi kuka. Ba ka yi laifi ba, ka dakata, ka ba shi wuri.

Yaya zan ba da maki?

Ba a kan kyan zane ba. A kan ko yaron ya iya faɗin wa ya tashi, daga ina, yaushe, me ya kore shi.

Duk labarin ƙaura ai na nasara ne, ko?

Wa ya gaya maka? A tsibirin Angel da ke kusa da San Francisco, tsakanin 1910 da 1940, an tsare 'yan China na makonni, wasu na watanni, saboda dokar 1882 da ta hana leburorinsu shiga. Sun sassaƙa waƙoƙi a jikin bangon katako, har yau ana ganinsu. Nuna wa yara hoton bangon.

Ba mu da fenti.

Takarda da fensir sun isa.