Girgizar Mota Lokacin Birki: Ba Kullum Faifai Ne Ya Lanƙwashe Ba

Da zarar sitiyari ya fara rawa in an taka birki, sai ka ji an ce zafi ya lanƙwasa faifan birki. Wannan magana ta daɗe a bakin direbobi da makanikai, amma galibi ba nan matsalar take ba.

Yawanci kaurin faifan ne ya daina zama ɗaya. In birki ya ɗau zafi sosai, direba ya tsaya cak ƙafarsa na danne da feda, takalmin birki kan bar wani ɓangarensa manne a jikin faifan. Ido ba ya ganin bambancin, amma ƙafa na jinsa a kowane juyi. Haka kuma tsatsa a mazaunin faifan, ko notocin taya da aka ɗaure wani ya fi wani ƙarfi, sukan sa faifan ya zauna a karkace har ya ci gefe guda. Abin takaici, sai a sa sabon faifai ba a goge tsatsar ba, girgizar ta dawo.

In a sitiyari ka fi jinta, a fara duba gaba. In a kujera ce, baya. Bugun feda lokacin birkin gaggawa kuwa, na'urar ABS, wadda ke hana taya kullewa, ce ke aikinta.