Waiwaye: Yadda Aka Gano Abin da Ke Tayar da Funfuna

Mai sayar da masara ko gyaɗa a Aboabo ko Asawase ba ya buƙatar a gaya masa: buhu ya sha laima a damina, kwana kaɗan sai ka ga kore-kore a bakin ɗinki. Da can an ɗauka ruɓa ce ke haifar da funfuna da kanta. A 1729 wani masanin tsirrai ɗan Italiya, Pier Antonio Micheli, ya barbaɗa ƙurar funfuna a kan yankakkun 'ya'yan itace, sai ya ga irin wadda ya barbaɗa ita ce ke fitowa. Ashe ƙurar nan iri ce.

Amma ta yaya busasshiyar ƙwaya, wadda ke iya shafe watanni ba motsi, take tsira cikin sa'o'i? Amsar ta jira har masanin kimiyya George Palade ya bayyana ribosom a 1955, wato 'yan injinan da ke haɗa furotin a cikin ƙwayar halitta, sannan a 1961 aka tabbatar da mRNA, saƙon da ke gaya musu abin da za su haɗa.

Da masana suka koma kan funfunar Neurospora, sai suka tarar ƙwayar irin ba fanko ba ce. Ribosom na ciki, an ajiye saƙonnin mRNA tun lokacin da aka yi ta, ga kuma sukarin trehalose na guzuri. Kamar shagon tela ne da aka ɗauke wa wuta: keke a shirye, yadi a yanke. Ruwa na shiga, cikin mintuna ribosom suke jeruwa a kan saƙon, furotin ya fara fita, ƙwayar ta kumbura, daga baya ta fitar da zare, wato tsiron funfunar. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta cycloheximide, maganin da ke tsayar da ribosom: a zuba shi, ƙwayar ba za ta fitar da zaren ba.

Abin ya shafe mu ne ta funfunar Aspergillus flavus, mai kama masara da gyaɗa tana fitar da gubar aflatoksin. An farga da gubar a 1960, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan cin ƙuli-ƙulin gyaɗa daga Burazil. Gubar na lalata hanta, kuma tafasa koko ko tuƙa banku ba ya kawar da ita. Shi ya sa malaman gona ke nacewa a shanya masara har damshinta ya sauka wajen kashi 13 cikin ɗari, a kuma ɗora buhuna kan katako nesa da bango.