Wace Ƙasa Ce Ta Fi Yawan Gine-ginen Dala?

An daɗe ana cewa Masar ce ta fi kowace ƙasa yawan dala, wato tsofaffin gine-gine masu faɗin gindi da tsinin kai. Ba abin mamaki ba ne, domin Babbar Dalar Giza, mai shekaru kusan 4,500, ta yi suna a duniya.

Amma wajen yawa, Sudan ce ke gaba. Tana da dala fiye da 200, Masar kuwa ba ta kai 150 ba. Sarakunan tsohuwar daular Kush ne suka gina na Sudan a matsayin kaburbura a Meroe da Nuri da El-Kurru. Ƙanana ne masu tsini, ba su kai na Giza tsufa ba, shi ya sa ba a cika jin labarinsu ba.

Mai son tabbatarwa ya buɗe taswirar tauraron ɗan'adam a wayarsa, ya nemi Meroe, arewa da Khartoum, zai gan su jere cikin rairayi.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.